NISA DA LOKACI: DARASI A KAN TAFIYA DAGA SANTIYAGO ZUWA TSIBIRIN ISTA

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, akwai wata ƙa'idar lissafi wadda kowannenmu ya haddace tun yana ƙaramar makaranta, watau in ka san nisan wuri, ka kuma san gudun abin hawa, sai ka raba nisa da gudu, abin da ya fito shi ne lokacin tafiya. Ƙa'idar daidai ce, ba mai jayayya da ita. Amma na lura yawancin misalan da mu ke ba yara a kanta busassu ne: wani mutum marar suna ya tashi daga wani gari marar suna, ya yi ta gudu iri ɗaya har ya isa. Yaro ya kan sami amsa, malami ya ba shi maki, amma in ka miƙa masa takardar lokutan tashi da saukar jirgin sama ta gaske, ka ce ya faɗi awa nawa aka yi a hanya, sai ya rikice.

Sabo da haka na ga ya kyautu in kawo misali guda na gaske, mu bi shi daki daki, domin mu ga abubuwan da su ke shiga tsakanin nisa da lokaci. Misalin da na zaɓa shi ne tafiyar jirgin sama daga birnin Santiyago zuwa filin Mataveri na Tsibirin Ista, wanda aka san shi da cewa cikin filayen jiragen fasinja na duniya ba wanda ya kai shi kaɗaici. Darasin ya haɗa Lissafi da Labarin Ƙasa, ya kuma dace da 'yan aji shida da na gaba da su.

1. INA NE WURIN?

Ku buɗe taswirar duniya ku dubi Amurka ta Kudu. A gefenta na yamma akwai wata ƙasa doguwa siririya kamar bulala, sunanta Cile, babban birninta kuwa Santiyago. Daga nan ku ja yatsa yamma cikin Tekun Pasifik. Za ku yi ta ja cikin shuɗi ba ku gamu da kome ba, har ku tarad da wani ɗan ɗigo, wanda in taswirar ta tsufa sai a zaci kashin ƙuda ne. To, wannan ɗigo shi ne Tsibirin Ista. Mutanen wurin suna kiransa Rapa Nui. Sunan Ista ya samo asali ne daga wani matuƙin jirgin ruwa mutumin Holan, Jacob Roggeveen, wanda ya iso wurin ran 5 ga Afrilu, 1722, ranar kuwa ta yi daidai da Lahadin bikin Ista. Ƙasar Cile ta haɗe tsibirin cikin mulkinta a 1888.

Tsibirin ƙarami ne, faɗinsa duka wajen murabba'in kilomita 164, tsawonsa bai wuce kilomita 25 ba. Ƙidayar 2017 ta sami mutum 7,750 a cikinsa, yawancinsu suna zaune a gari ɗaya, Hanga Roa, filin jirgin Mataveri kuwa yana bakin garin. Abin da ya sa sunansa ya bazu cikin duniya shi ne manyan gumakan dutse fiye da 800 waɗanda kakannin mutanen suka sassaƙa, a ke ce da su moai. Maƙwabtansa mafi kusa su ne mutanen tsibirin Pitcairn, wajen kilomita 2,075 daga yamma, su ma 'yan kaɗan ne ƙwarai, ba su ko da filin jirgin sama.

2. YADDA ZA A AUNA NISAN

Daga filin jirgin Santiyago zuwa na Mataveri kilomita 3,759 ne, watau mil 2,336. Lamba kurum ba ta gaya wa yaro kome, sai an gwada masa ita da abin da ya sani. Daga Legas zuwa Kano ta sama kilomita 830 ne da 'yan kai, watau tafiyar tsibirin ta yi kamar Legas zuwa Kano sau huɗu da rabi. Daga Kano zuwa Jidda wajen kilomita 3,400 ne, ashe har tafiyar alhazai ba ta kai ta ba.

Ya fi kyau yara su auna da hannunsu. Ku ɗauko ƙwallon duniya da zare. Yaro ɗaya ya danne bakin zaren a kan Santiyago, wani ya ja shi ya miƙe sosai har kan tsibirin, ya yi masa shaida da alli. Sa'an nan a ɗauke zaren a shimfiɗa shi bisa layin tsakiyar duniya, watau Ikwaita, a ƙidaya digiri nawa ya rufe. Za ku ga ya rufe wajen digiri 34. Kewayen duniya wajen kilomita 40,000 ne, an raba shi digiri 360, sabo da haka kowane digiri a kan Ikwaita wajen kilomita 111 ne. Digiri 34 sau 111 ya ba mu 3,774. Kun ga da zare da alli kaɗai mun zo kusa da amsar masana, saura kilomita 15.

Akwai wani rami a nan da yaro mai wayo ya kan faɗa. Zai duba layukan tsaye na taswira, waɗanda su ke tasowa daga ƙuryar arewa zuwa ƙuryar kudu, ya ga Santiyago tana wajen digiri 70 da rabi yamma, tsibirin kuwa wajen digiri 109 da rabi, bambanci digiri 39. Sai ya ce 39 sau 111, ya sami 4,329, ya yi ƙari da kusan kilomita 600. Dalili kuwa layukan tsaye ba su tafiya kafaɗa da kafaɗa. A Ikwaita ne su ke da tazarar kilomita 111, amma da an nufi kudu ko arewa sai su riƙa matsowa, kamar yadda tsagin lemo ya ke da faɗi a tsakiya ya tsuke a baki. Santiyago tana wajen digiri 33 kudu da Ikwaita, tsibirin wajen 27, a can layukan sun riga sun matsu. In kun ɓare lemo guda a gaban aji, an gama wannan bayani.

3. NISA ƊAYA, LOKACI DABAM DABAM

Nisan bai taɓa sakewa ba, amma lokacin tafiya ya sake sau da yawa. A zamanin da, hanyar tsibirin ɗaya ce, jirgin ruwa daga Cile, tafiyar wajen mako guda, shi ma sau ɗaya a shekara ya kan zo da kaya da wasiƙu. Wanda ya manta bai yi saƙon wani abu ba, sai ya jira baɗi.

A watan Janairu na 1951 wani hafsan mayaƙan sama na Cile, Roberto Parragué, ya tuƙa jirgin sama na farko da ya kai tsibirin. Jirgin irin mai farfela biyu ne da a ke kira Catalina, aka sa masa suna Manutara, sunan wani tsuntsun teku na wurin. Daga garin La Serena ya tashi, arewa da Santiyago, nisan kuwa kusan ɗaya ne, wajen kilomita 3,800. Ya yi fiye da awa 19 a sama. In mun raba 3,800 da 19 mun sami kilomita 200 a awa.

A 1967 kamfanin LAN na Cile ya fara jigilar fasinja da jirgi mai farfela huɗu, DC-6, tafiyar awa 9. Raba 3,759 da 9, gudun ya kama kilomita 418 a awa. Yanzu kuwa kamfanin, wanda sunansa ya koma LATAM, yana aiki da jirgin Boeing 787, zuwa wajen awa 5 da rabi, komowa wajen awa 4 da rabi ko da ɗan ɗori.

To, a nan ne tambaya ta ke. Shi wannan jirgi na zamani in ya daidaita can sama gudunsa wajen kilomita 900 ne a awa. Raba 3,759 da 900, ya ba mu awa 4 da minti 11. Ina sauran lokacin ya tafi? Kuma don me zuwa ya fi komowa daɗewa da kusan awa guda, alhali hanya ɗaya ce, jirgi ɗaya ne?

Kashin farko na amsar mai sauƙi ne. Lokacin da a ke rubutawa a takardar tafiya ana ƙirga shi ne tun daga sa'ad da jirgi ya motsa daga inda ya ɗauki mutane har ya tsaya inda zai sauke su. A ciki akwai rarrafensa a ƙasa, da jiran izini, da hawa, da sauka, duk waɗannan kuwa ba a yinsu da cikakken gudu. Mu ware musu wajen minti 45. Kashi na biyu shi ne iska.

4. KOGIN ISKA

In kun tambayi aji dalilin bambancin zuwa da komowa, lalle wani zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai duniya ce ta ke juyawa a ƙarƙashin jirgin." Kada ku tsawata masa, gama ya yi tunani. Ku bi maganarsa tare da shi. Duniya tana juyawa ne daga yamma zuwa gabas. Da a ce tana zamewa a ƙarƙashin jirgi, da mai tafiya yamma ya riga isa, domin tsibirin zai taho ya tarye shi. Amma ga shi mai tafiya yamma shi ne ya fi daɗewa. Gaskiyar magana ita ce iskar da ta lulluɓe duniya tana juyawa tare da ita, jirgi kuwa cikin iskar ya ke iyo, kamar kifi cikin ruwa.

Abin da ya kawo bambancin shi ne, can sama, wajen kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, inda manyan jirage su ke bi, akwai wata iska mai ƙarfi da ta ke kwarara daga yamma zuwa gabas. Ni na kan kira ta kogin iska, domin tana da tsakiya mai ƙarfi da gefe mai sanyi kamar kogi. Abu biyu su ke haifar da ita, bambancin zafi tsakanin tsakiyar duniya da ƙuryoyinta, da kuma juyawar duniya wadda ta ke karkatar da iskar ta nufi gabas. Ɗaya daga cikin waɗannan koguna yana bi ta wajen digiri 30 kudu da Ikwaita, watau daidai kan hanyarmu. Wani lokaci gudunsa ya kan wuce kilomita 200 a awa, ya fi tsanani kuma a lokacin sanyinsu, daga Yuni zuwa Agusta, sa'ad da mu ke tsakiyar damina.

Duk wanda ya taɓa ganin mai kwalekwale a Binuwai ya san sauran bayanin. In yana gangara, ruwa yana ƙara masa gudu. In yana haurawa, ruwa yana rage masa, ko da ya ke ƙarfin damtsensa ɗaya ne. Mu ƙaddara iskar tana gudun kilomita 100 a awa tun daga farkon hanya har ƙarshe.

Zuwa: 900 a ɗebe 100, saura 800. Raba 3,759 da 800, awa 4 da minti 42.

Komowa: 900 a ƙara 100, ya zama 1,000. Raba 3,759 da 1,000, awa 3 da minti 46.

Ƙara wa kowanne minti 45 ɗin nan da muka ware, zuwa ya zama awa 5 da minti 27, komowa awa 4 da minti 31. Kun ga lissafinmu ya haɗu da takardar kamfani.

Ga wani abu kuma da ya kamata a nuna wa manyan yara. Mutum zai zaci abin da iska ta ci a zuwa za ta biya shi duka a komowa. Mu gwada. In babu iska, zuwa da komowa awa 8 ne da minti 21. Da iska kuwa, awa 4 da minti 42 a haɗa da awa 3 da minti 46, ya zama awa 8 da minti 28. Ashe iska ba ta cika biyan bashi. Dalili shi ne jirgi ya fi daɗewa cikin iskar da ta ke hana shi bisa ga wadda ta ke taimakonsa. Ga jirgi mai sauri hasarar 'yan mintoci ce, amma ga mai gudun kilomita 200 kamar Manutara, iskar da ta kai kilomita 100 sai ta cinye rabin gudunsa, tafiyar awa 19 ta koma 38.

5. RUƊIN AGOGO

Wannan shi ne wurin da har manya su kan yi tuntuɓe. Duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, watau digiri 15 kowace awa, ko kuwa digiri ɗaya kowane minti 4. Ku tuna da digiri 39 ɗin nan na layukan tsaye, waɗanda ba su yi mana amfani wajen auna nisa ba. A nan ne amfaninsu ya ke. 39 sau 4 minti 156 ne, watau awa 2 da minti 36. Bisa ga rana, tsakar rana tana riga zuwa Santiyago da wannan lokaci kafin ta kai tsibirin. Amma hukuma ba ta son guntayen mintoci, sai ta tsai da bambancin a kan awa 2 cif. In ƙarfe 12 ne a Santiyago, ƙarfe 10 ne a tsibirin.

Takardar tafiya kuwa kullum tana ba da lokacin tashi da agogon garin da aka tashi, lokacin sauka da agogon garin da aka sauka. Mu ga abin da wannan ya ke haifarwa.

A ce jirgi ya tashi Santiyago da ƙarfe 9 na safe, ya yi awa 5 da rabi. Agogon da ke hannun fasinja zai nuna ƙarfe 2 da rabi na rana, amma na bangon Mataveri zai nuna 12 da rabi. Mai duban takarda zai ga 9:00 da 12:30, ya ce tafiyar awa 3 da rabi ce.

A ce kuma ya juyo da ƙarfe 2 da rabi na rana, agogon tsibiri, ya yi awa 4 da rabi. Ya sauka ƙarfe 7 na yamma ke nan da agogon tsibiri, amma a Santiyago ƙarfe 9 na dare ne. Mai duban takarda zai ga 2:30 da 9:00, ya ce awa 6 da rabi.

Ku dubi abin mamaki. Takarda ta nuna zuwa gajere ne, komowa dogo, har da bambancin awa 3, alhali kuwa zuwan ne dogo. Agogo ya juya gaskiya ya kifa ta. Maganin abin guda ɗaya ne, ku sa yara su rubuta shi da babban baƙi: kafin ka ɗebe lokaci daga lokaci, mai da su duka biyu kan agogo ɗaya.

6. INDA BABU KOMAWA

Duk abin da muka faɗa zuwa yanzu ya shafi kowace doguwar tafiya. Abin da ya keɓe Mataveri shi ne rashin maƙwabci. Matuƙin da ya tashi daga Legas zuwa Kano, in wani abu ya faru, ga Ilori, ga Abuja, ga Kaduna, sai ya zaɓa. In hazo ya rufe Kano, ya juya wani wuri. Amma mai zuwa Mataveri ba shi da wannan gata. A kan hanya akwai tsibiran Juan Fernández, sai dai titin jirginsu gajere ne, na ƙananan jirage. Gaba da Mataveri kuwa fili mafi kusa yana Mangareva, wajen kilomita 2,600, shi ma ƙarami ne, babban fili sai Tahiti, wajen kilomita 4,250. Hangen Dala ba shiga birni ba ne: matuƙi yana iya zuwa har bisa tsibirin, in hadari ya rufe shi ko wani abu ya tare titin, bai isa ba tukuna.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, sabo da haka tun a ƙasa a ke gama shiri. Na ɗaya, ƙa'idar jiragen sama ta duniya ta ce jirgi mai injin jet da zai tafi filin da ba shi da madadi, sai ya ɗauki man da zai kai shi, da ƙarin wanda zai ishe shi shawagin awa 2 bayan ya iso. Na biyu, sai an lissafta wurin da in jirgi ya wuce shi mansa ba zai iya mai da shi gida ba. Kafin ya kai wannan wuri matuƙi ya kan nemi labarin sama da na titi daga Mataveri, in labarin bai yi daɗi ba ya juya tun da sauran dama. Na uku, da ya ke titin guda ɗaya ne tak, hukumar Cile ba ta yarda jirgi na biyu ya wuce rabin hanya ba sai na farko ya sauka lafiya, domin in na farko ya lalace a kan titi, na biyu ba shi da wurin sa ƙafa.

Akwai wani wuri kuma da a ke lissaftawa, wanda na fi so in koya wa yara, gama yana gyara tunani. A ce wani fasinja ya kamu da ciwo mai tsanani a tsakiyar teku, ana so a sauka da gaggawa. A ci gaba ne, ko a koma? Kowa zai ce in an wuce rabin hanya, watau kilomita 1,880, a ci gaba. Amma ku tuna da iska. Ci gaba gudun 800 ne, komawa gudun 1,000. Wurin da lokacin biyun ya yi daidai sai an raba hanya bisa ga gudun, kashi 10 a baya, kashi 8 a gaba, jimla 18. Raba 3,759 da 18, sa'an nan a yi sau 10, ya ba mu kilomita 2,088 daga Santiyago. Mu gwada: komawa 2,088 da gudun 1,000 awa 2 ne da minti 5. Ci gaba 1,671 da gudun 800 shi ma awa 2 ne da minti 5. Watau jirgin da ya wuce rabin hanya da kilomita 100, ko da ya ke tsibirin ya fi kusa da shi a taswira, Santiyago ce ta fi kusa da shi a agogo. Wanda bai iya wannan lissafi ba yana iya ƙara wa majinyaci wahalar da ba dole.

Shi kansa titin Mataveri yana da labari. Tsawonsa mita 3,318 ne, abin da ya fi ƙarfin bukatar ɗan tsibiri. Hukumar binciken sararin sama ta Amurka, NASA, ita ce ta biya aka ƙara shi, aka gama a 1987, domin in kumbonsu ya sami matsala bayan tashi ya sami wurin sauka a wannan yanki na teku. Har aka daina aiki da irin wannan kumbo a 2011 bai taɓa sauka can ba, amma titin ya ba manyan jirage damar zuwa, mutanen tsibiri suka ci moriyarsa.

7. ABIN DA NISAN YA KE NUFI GA MUTANEN WURIN

Kada yara su tashi da zaton wannan duka wasan lambobi ne. Tsibirin ba shi da tashar da babban jirgin ruwa zai iya matsowa gaɓa, sai ya tsaya a teku a riƙa kwaso kaya da ƙananan jirage, in teku ta yi fushi a jira. Sabo da haka ɗanyen abinci da magani da wasiƙu da yawa ta sama su ke zuwa. Akwai asibiti a Hanga Roa, amma ciwon da ya fi ƙarfinsa sai an kai Santiyago, awa 4 da rabi ɗin nan kuwa ita ce tsakanin majinyaci da babban likita. Yawancin abin da mutane su ke samu daga baƙi masu zuwa kallon gumaka ya ke fitowa, kafin 2020 kuwa baƙin sun wuce 100,000 a shekara.

A watan Maris na 2020, da annobar korona ta ɓarke, aka rufe tsibirin ga baƙi, ba a buɗe ba sai Agusta na 2022. Cikin wannan shekara biyu da 'yan watanni kasuwar baƙi ta mutu, mutane da yawa suka koma noma da su kamar kakanninsu. Jirgi ya mai da tafiyar mako guda ta zama ta rabin yini, amma bai matso da tsibirin ko da taƙi ɗaya ba. Ran da jirgi ya daina zuwa, kilomita 3,759 ɗin nan suna nan yadda su ke.

8. SHAWARA GA MAI KOYARWA

Ina ba da shawara a raba darasin kwana uku. Ran farko taswira da zare da lemo. Rana ta biyu gudu da iska, a fara da mai kwalekwale kafin a hau sama. Rana ta uku agogo. A lokacin gwajin koyarwa na yanka agogo biyu na kwali, na rubuta Santiyago a ƙarƙashin ɗaya, Mataveri a ƙarƙashin ɗayan, na ba yara biyu su riƙe, na uku ya zama jirgi yana takawa tsakaninsu. Kowane taki awa guda ne, masu agogo su matsa hannu tare. Da jirgi ya isa sai aji su karanta agogon biyu. Na ga waɗanda ba su cika magana a aji ba ma sun kama abin, gama gani ya kori ji. Kada ku ba da ƙa'ida tun da fari. Ku bar su su yi kuskuren awa 3 da rabi tukuna, su yi gardama a kansa, sa'an nan ƙa'idar za ta zauna.

9. TAMBAYOYI

Domin sauƙi, a ɗauki nisan kilomita 3,750.

(a) Jirgi yana gudun kilomita 750 a awa, babu iska. Awa nawa zai yi?

(b) In iska tana busowa daga yamma da gudun kilomita 125 a awa, awa nawa ne zuwa, nawa ne komowa? Jimlarsu ta fi ta ranar da babu iska, ko ta kasa?

(c) Jirgi ya tashi Santiyago da 10:15 na safe, ya yi awa 5 da minti 25. Ƙarfe nawa agogon Mataveri zai nuna?

(d) Jirgi ya tashi Mataveri da 3:00 na rana, ya sauka Santiyago da 9:35 na dare. Awa nawa ya yi a hanya?

(e) Da gudun da iskar tambaya ta (b), a wane wuri ne ci gaba da komawa za su ɗauki lokaci ɗaya?

Amsoshi domin malami: (a) awa 5. (b) zuwa awa 6, komowa awa 4 da minti 17, jimla ta fi da minti 17. (c) 1:40 na rana. (d) awa 4 da minti 35. (e) kilomita 2,187 da rabi daga Santiyago, kowane gefe awa 2 da rabi.

Iyakar darasin ke nan. Cikin yaran da za a danƙa mana, wani zai zama matuƙi, wani mai ba da izinin sauka, wata likita mai shirya tafiyar majinyaci, yawancinsu kuwa fasinja ne kurum masu son su san ƙarfe nawa za a tarye su. Dukansu suna bukatar su saba da yin tambaya uku kafin su ba da amsa: ina iska ta nufa, da agogon wa aka ƙirga, in an isa ba a sami wurin sauka ba kuma sai ina? Ina roƙon waɗanda za su fita gwajin koyarwa a zango mai zuwa su jarraba wannan darasi, su rubuto wa wannan shafi abin da suka gani, domin mu ƙaru da juna.